TALOTALON BIKI: WANE ABIN SHA YA DACE DA SHI?



Darasinmu na yau ya fita daga keji ya shiga kicin. Duk mai kiwon talotalo a yankinmu na Rimin Gado, daga Gulu zuwa Karofin Yashi da Yalwan Danziyal, ya san irin wahalar da ke cikin wannan tsuntsu. Kwana 28 ƙwansa ke yi kafin ya ƙyanƙyashe, tsakinsa ya fi na kaza laulayi, ga cin abinci, ga watanni ana jira kafin ya kai sayarwa. Sai ranar Sallah ko ranar walima ta zo, kwastoma ya saya da tsada, a dafa, a kawo wa baƙi da lemon kwalba mai zaƙi kamar zuma, kowa ya ɗan taɓa ya ture. Washegari sai ka ji ana cewa "ai naman talotalo kamar katako yake, gara kaza." Shi ke nan ka yi asarar kwastoma, alhali tsuntsunka lafiyarsa lau.

Galibi abu biyu ne ke jawo wannan: yadda aka dafa naman, da kuma abin da aka kora da shi. Na biyun shi ne mutane ba su cika kula da shi ba, kuma a kansa za mu tsaya yau. Mai kiwon da ya san wannan zai iya ba kwastoma shawara a bakin keji, kuma uwargida mai sana'ar zoɓo ko kunun aya za ta samu hanyar ƙarin ciniki.

DAGA INA MAGANAR TA SAMO ASALI?

Talotalo ɗan asalin nahiyar Amurka ne. Mutanen ƙasar Meziko ne suka fara kiwonsa a gida, daga baya Turawan Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu duniya. Har yau a Amurka shi ne naman bikin godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, a Ingila kuma shi ne naman Kirsimeti. Ko a nan Najeriya duk mai kiwo ya san kasuwar talotalo ta fi tashi a watan Disamba, musamman wajen masu saye daga Sabon Gari da kudancin ƙasa.

A can, idan biki ya gabato, babbar muhawararsu ita ce wace giyar inabi za a sha da talotalo. Mu wannan ba tamu ba ce, addini ya haramta, dokar jihar Kano ma ta hana. Amma dalilin da ya sa suke wannan dogon lissafi ya shafi harshen kowane ɗan Adam. Abin da suke nema a kofi shi ne ɗan tsami, zaƙi kaɗan, kuma kada bauri ya yi yawa. Wannan kuwa muna da shi a zoɓo da tsamiya da citta, ba tare da an kusanci haram ba.

Wani abin sha'awa: Amurkawa kan ci talotalo da wani jan haɗi mai tsami na 'ya'yan itacen da suke kira kiranberi. Kalarsa da tsaminsa kusan na zoɓo ne. Su kuma mutanen Meziko, inda talotalon ya fito, suna cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina, suna yin abin sha da shi kamar yadda muke yi. Wato su sun ba mu tsuntsu, mu muna ba su abin korawa.

FARA SANIN NAMAN KANSA

Talotalo nama biyu ne a jiki ɗaya. Tsokar ƙirji fara ce, ba ta da kitse sosai, ɗanɗanonta ba shi da ƙarfi, kuma da ta ɗan wuce lokaci a wuta sai ta bushe. Cinya da wuya kuwa namansu ya fi duhu, ya fi maiƙo, ya fi ɗanɗano, kuma ya fi jure wuta. Talotalon gida da ya yi yawo a tsakar gida da gona, musamman tsohon namiji, namansa ya fi tauri da ƙarfin ɗanɗano a kan fararen nan na turawa da ake tsarewa a keji.

Daga nan dokoki huɗu suka fito, ku riƙe su:

Na ɗaya, tsami yana yanke maiƙo. Idan ka ci soyayyen abu, maiƙo kan shafe harshe har abin ya fara ginsarka. Kurɓi ɗaya na abu mai tsami sai ya wanke bakin, ya tsinko da yawu, loma ta gaba ta dawo kamar ta farko. Yawun nan kuma shi ke taimaka wa busasshiyar tsokar ƙirji ta wuce maƙoshi.

Na biyu, bauri yana busar da baki. Duk wanda ya taɓa cin ɗanyen goro ko ya sha baƙin shayin da ya daɗe a wuta ya san wannan. Nama mai kitse yana iya ɗaukar bauri, amma tsokar ƙirjin talotalo da ma a bushe take, in ka haɗa ta da abu mai bauri sai bushewa ta haɗu da bushewa.

Na uku, zaƙi mai yawa yana kashe ɗanɗanon nama, yana kuma cika ciki da wuri. Shi ya sa yaro kan sha lemo kwalba ɗaya ya ce ya ƙoshi.

Na huɗu, ruwa ba ya kashe zafin barkono. Sinadarin da ke sa attaruhu da barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Don haka nono da madara da duk abin da ke da ɗan maiƙo su ne ke kwantar da raɗaɗin. Lemo mai gas kuwa ƙara hura wutar yake yi.

TO WANNE DA WANNE?

Gasasshen talotalo, ko a obin ko a kan garwashi: zoɓo ne sarkinsa. Amma ba kowane zoɓo ba. A yi shi tsaka-tsaki, kada ya yi kauri har ya koma baƙi, domin zoɓo mai kauri yana da nasa baurin. Kofi 2 na busasshen zoɓo ya ishi ruwa lita 3. A wanke shi da kyau saboda ƙasa, a tafasa da citta da kanumfari 'yan ƙwaya da ɓawon abarba kamar minti 15, a sauke a tace. Mata da yawa kan jefa kanwa don rage tsami. In don talotalo ne, a bar kanwar, ko a sa ɗan mitsitsi, saboda tsamin nan shi ne aikin da muke nema. Sukari kuma a rage shi zuwa rabin wanda ake sa wa na sayarwa. In ka kurɓa ka fara jin tsami sannan zaƙi ya biyo baya, to ya yi. In zaƙi ka fara ji, an wuce gona da iri.

Soyayyen talotalo: nan tsamiya da citta ke aiki. Maiƙon suya yana bukatar abin da ya fi zoɓo kaifi. A jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi, a murje a tace, a sa markaɗaɗɗiyar ɗanyar citta da kanumfari da ɗan masoro, a daidaita da mazarƙwaila ko sukari, kamar dai yadda iyayenmu mata ke haɗa lamurje. Wanda ba shi da tsamiya ya yi lemon citta ya matsa lemon tsami a ciki. Abu guda dai, in an barbaɗa wa naman yaji mai zafi, a sassauta cittar, kada zafi biyu su haɗu a baki ɗaya.

Talotalo mai jajjagen attaruhu, ko wanda aka yi wa irin haɗin tsire da ƙuli-ƙuli da yaji: kunun aya mai sanyi. Aya tana da maiƙonta, kwakwa ma haka, ga dabino da ke ba da zaƙi mai laushi. Su ke kwantar da zafin barkonon ba tare da sun kashe daɗin yajin ba. In dabinon ya isa, ba sai an ƙara sukari ba.

Farfesun wuya da fiffike da ƙundu: farfesu shi kansa abin sha ne, don haka ba ya son abokin da zai yi gasa da shi. Ruwa mai ɗan sanyi da aka yanka kokwamba ko lemon tsami da ganyen na'a-na'a a ciki ya wadatar. In an haɗa da gurasa ko alkubus, sai a kawo kunun aya bayan an gama.

Talotalo a miyar dage-dage da shinkafa, ko dafa-duka: tumatir ya riga ya kawo nasa tsamin, don haka abin sha mai tsananin tsami zai yi yawa. A nan zoɓo mai sauƙi wanda aka sirka da ruwan abarba ko kankana ya fi dacewa.

Talotalo a miyar taushe da waina ko sinasir ko tuwon shinkafa: miyar tana da gyaɗa da kabewa, tana da nauyi da ɗan zaƙi-zaƙi. Ruwan tsamiya mara kauri ko lemon citta ne zai buɗe ta. Kunun aya a nan nauyi ne a kan nauyi.

Dambun naman talotalo: wannan hanya ce mai kyau ta ceton tsokar ƙirjin da ta rage. Da yake a bushe yake kuma a soye, yana tafiya da kunun zaƙi mai sanyi, ko shayi da safe.

FURA, SHAYI DA LEMON KWALBA FA?

Fura da nono abinci ce mai zaman kanta. In ka kawo ta tare da nama, baƙo zai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya, kuma sau da yawa tsadadden naman ne zai yi kwantai. A ajiye ta sai la'asar ko bayan an dawo daga yawon Sallah. Amma in wani ya ci yaji har hawaye, ludayi biyu na kindirmo ya fi masa kofi uku na ruwa.

Shayi a bari sai bayan cin abinci da kamar awa guda. Ban da baurin da muka ambata, baƙin shayi yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda mata masu ciki da yara ke bukata sosai.

Lemon kwalba da na malt ba laifi ba ne, amma zaƙinsu ya yi wa farar tsoka yawa. In dole sai an kawo saboda yara da baƙin da suka saba, a kawo shi da sanyi sosai, a ajiye ruwa a gefe.

HATTARA DA KWALABEN INABI NA KANTI

Yanzu an saba ganin dogayen kwalabe masu kama da na giya a wajen biki da kayan gara, ana cewa ruwan inabi ne mara barasa. A sani iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, wanda bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda aka fara yin sa giya sannan aka cire barasar, kuma irin wannan yakan iya rage ɗan kaɗan a ciki, har zuwa kashi 0.5 cikin 100. Kwalaben kuma sukan yi kama da na giyar gaske, a wasu kantunan ma kusa da juna ake jera su. Don haka kada a aiki yaro ya sayo da ka. A karanta jikin kwalbar, a duba an rubuta 0.0%, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari, zoɓo ya ishe shi. Ta fuskar ɗanɗano ma, yawancinsu zaƙi ne zalla, ba su kai zoɓon gida dacewa da talotalo ba.

LOKACI MA YANA DA NASA

Shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kusan kwana 11, shi ya sa Sallah ke zagayawa. A 'yan shekarun nan Sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin Maris da Yuni, wato tsakiyar zafi. A irin wannan lokaci abin sha mai sanyi da tsami ne jiki ke so. Bikin Disamba da Janairu kuwa cikin hunturu yake, ga sanyi ga ƙura ga mura. A nan zoɓo mai ɗumi da citta da kanumfari, ko kunun tsamiya mai zafi, ya fi ƙanƙara karɓuwa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Tunatarwa ga masu tambaya game da Babbar Sallah: talotalo ba ya tsayawa a madadin layya, komai girmansa. Layya ta raguna da tumaki da awaki da shanu da raƙuma ce. Talotalo ƙarin nama ne na gida da baƙi.

LISSAFIN YAWA

Bayan an yanka an fige an cire kayan ciki, abin da ke ragewa kusan kashi uku cikin huɗu ne na nauyin tsuntsun yana raye. Wato mai kilo 8 zai ba ka wajen kilo 6 haɗe da ƙashi. Abin sha kuwa a yi wa kowane baƙo lissafin kofi 2. In kofin yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na lita, mutum 20 za su sha lita 12 zuwa 13. A raba shi gida biyu, mai tsami kashi biyu, kunun aya kashi ɗaya, don kowa ya samu nasa. A ware wani jug da ba a sa sukari ba saboda masu ciwon suga da dattawa.

Wajen sayayya, zoɓo da aya da tsamiya a auna su tun da wuri a kasuwar ƙauye, ko a Dawanau ga mai saye da yawa, domin ana gobe Sallah komai tashi yake. Abarba da kankana da lemon tsami kuwa sai ana jibi, ko a nan kusa ko a 'Yan Lemo. Citta ta yi tsada tun bayan cutar da ta afka wa gonakinta a kudancin Kaduna a 2023, saboda haka busasshiya ma ta yi, a dake ta a jiƙa.

LAFIYAR BAƘI TA FI KOMAI

Kunun aya ba ya jure zafi. In babu firiji ko ƙanƙara, cikin 'yan awanni zai juya. A yi shi da safiyar ranar, a zuba a kula mai ƙanƙara, kada a yi shi tun daren jiya sai in akwai tabbacin wuta. Zoɓo ya fi shi juriya, amma shi ma da zarar an sa masa sukari da abarba ya kama hanyar lalacewa. Dabara ita ce a dafa a tace tun jiya, a bar sukari da 'ya'yan itace sai da safe. Kada kuma a bar shi ya kwana a tukunyar dalma, tsaminsa yana cin ta. A juye a roba mai tsabta mai murfi.

Duk abin shan da ya fara kumfa da kansa, ko gorar ta kumbura, ko ka buɗe ka ji ta yi tsit kamar lemon gas, a zubar. Ya fara ruɓa ke nan, kuma ta wannan hanyar ce sukari ke rikiɗewa ya zama barasa. Ga ciwon ciki ga shubuha.

Ruwan haɗi da ƙanƙara su kasance masu tsabta. Zoɓon da aka tafasa sannan aka sirka da ɗanyen ruwan rijiya ya tashi daga tafasasshe. Masu shan maganin hawan jini su san cewa zoɓo yana ɗan saukar da jini, su da mata masu juna biyu su tambayi likita kafin su sha da yawa.

Naman kuma sai ya dahu har ciki. Mai ma'aunin zafin nama ya soka a kaurin cinya ya ga ya kai digiri 74. Wanda ba shi da shi ya soka wuƙa a gaɓar cinya, in ruwan da ya fito fari ne ba ja-ja, ya yi. Dafaffen nama kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili, a tsananin zafin bazara ma awa 1, sai dai a mayar da shi wuta ko firiji.

RABON MAI KIWO

Babu abin shan da zai gyara naman da aka ɓata tun daga keji. In ka ba tsuntsu maganin ƙwayoyin cuta ko ka yi masa allura, ka cika kwanakin jira da aka rubuta a jikin maganin kafin ka sayar don yanka. Wannan amana ce tsakaninka da Allah, kwastoma ba zai gani da ido ba. Masu kiwon kifi da ke ba talotalo ragowar abincin kifi ko kayan cikin tarwaɗa su dakatar da shi makonni kaɗan kafin sayarwa, domin ƙarnin yana iya fitowa a naman. A cire abinci awa 8 zuwa 12 kafin yanka, a bar masa ruwa.

Sannan ka koya wa kwastoma dabara ɗaya da ke hana ƙirji bushewa: a jiƙa naman a ruwan gishiri, cokali 3 na cin abinci a kowace lita, ya kwana a firiji ko a kula mai ƙanƙara, da safe a ɗauraye a dafa. In babu sanyi kada a gwada kwanan, a shafa gishiri da kayan ƙamshi kawai a ɗora a wuta. In tsohon talotalon gida ne, a raba shi, cinya da fiffike su riga shiga tukunya, ƙirji ya biyo baya.

Ga masu neman ƙarin ciniki, ku haɗa kai da uwargida ko wata mai sana'a a unguwa. Duk wanda ya sayi talotalo a tambaye shi yadda zai dafa. In gashi ne a yi masa tayin galan na zoɓo mara zaƙi sosai, in mai yaji ne kunun aya da safiyar ranar, in suya ce ruwan tsamiya. Ko ba a sayar masa da komai ba, shawarar kaɗai tana sa ya tuna da kai. Mutumin da baƙinsa suka cinye nama suka nemi ƙari, baɗi shi zai fara kiranka tun tsuntsayen ba su gama girma ba, har ya zo da ɗan uwansa.

A taƙaice: gashi da zoɓo, suya da tsamiya ko citta, yaji da kunun aya, farfesu da ruwa mai lemon tsami, fura da shayi sai daga baya. Wanda yake da wani haɗin da ake yi a gidansu ya faɗa mana mu ƙaru da juna.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana dabbobinmu daga annoba, ya kawo kasuwa mai albarka, ya nuna mana bikin lafiya. Amin.